Aike, Addu'a da Jimirin Bangaskiya: Darasi daga Tarihin Isawan Gimi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi yin bayani a kan rayuwar mai bin Almasihu, da wuya ya kauce wa abubuwa uku, watau aiken da aka ɗora masa, da addu'ar da yake yi, da kuma jimirin bangaskiyarsa sa'ad da al'amura suka dagule. Sau da yawa akan ɗauki waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, a yi wa kowanne babi nasa, kamar dai ba su da dangantaka da juna. A wannan maƙala muna so mu nuna cewa igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma ba a gane ƙarfin igiyar sai a lokacin da aka yi addu'a amsa ba ta zo yadda aka roƙa ba. Don kada maganarmu ta tsaya a iska, mun zaɓi misali guda daga cikin ƙasar Hausa, shi ne tarihin jama'ar da ake kira Isawa da ƙauyen da suka kafa a Gimi, cikin ƙasar Zazzau. Za mu fara da ma'anar kalmomi, sa'an nan mu bi tarihin, daga bisani mu fitar da abin da muke ganin ya koyar.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kalmar da Kiristocin Hausa suka fi amfani da ita a madadin imani ita ce bangaskiya. Asalinta ba da gaskiya, watau mutum ya miƙa amincewarsa ga wani. Ke nan tun daga ginin kalmar akwai mai bayarwa, akwai kuma wanda ake ba. Shi kuwa wanda ya ba da gaskiyar ana ce masa mai bi, sunan da ke nuna tafiya a bayan wani, ba zama wuri ɗaya ba. Aike shi ne umarnin da Yesu ya bar wa almajiransa a ƙarshen Linjilar Matiyu, na su kai bishara ga dukan al'ummai. Addu'a kuwa kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, Musulmi da Kirista duk da ita suke kiran roƙon da bawa ke yi ga Ubangijinsa.

Kalma ta ƙarshe ita ce ta fi bukatar lura. Hausa tana da haƙuri, tana da dauriya, tana da jimiri, kuma ba ɗaya suke ba. Mai haƙuri yana iya zama shiru har wuya ta wuce. Mai dauriya yana cije haƙora ya shanye zafi. Amma mai jimiri shi ne wanda ke ci gaba da aikin da ke hannunsa alhali wuyar tana nan ba ta gushe ba. Wannan ma'ana ta uku ita muke nufi a duk inda muka ambaci jimiri a nan gaba.

3.0 Kaburbura Biyu a Girku

Aikin bishara a ƙasar Hausa da makoki ya fara. A shekarar 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasashen Sudan, kamar yadda Turawa ke kiran wannan yanki a lokacin. Kafin shekarar 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, kudu da Zariya, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida. Daga wannan yunƙuri ne ƙungiyar S.I.M. ta samo asali, wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954.

A shekarar 1900 kuma ƙungiyar C.M.S. ta cocin Angilika ta aiko da ayarin mutum biyar ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. A cikinsu akwai wani likita, Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus wajen fatake da alhazai. Suka isa Kano, Sarki Alu ya ƙi ba su izinin zama, ya umarce su da su fita cikin 'yan kwanaki. Suka juyo suka sauka a Girku, a nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Garin nan guda ke nan ya karɓi gawar ɗan aike har sau biyu cikin shekara shida, ba tare da an kafa ikilisiya ko ɗaya ba.

Miller ya sami zama a cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Amma fa shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka karɓi baftisma ba su taka kara sun karya ba. Daɗin daɗawa, gwamnatin mulkin mallaka ba ta son aikin mishan a masarautun Musulmi, saboda alkawarin da Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna na cewa ba za a taɓa addininsu ba. Idan da ƙidayar kawuna ake auna aike, to, da sai a ce wannan aiki ya faɗi tun da wuri.

4.0 Isawa da Zaman Jira

Tun kafin waɗannan Turawa su taka ƙasar Hausa, wani abu ya riga ya faru a Kano. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, an yi wani malami mai suna Ibrahim. Cikin karatunsa na Alƙur'ani ya mai da hankali ƙwarai ga ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, har ya kai ga ba shi matsayin da sauran malamai ba su yarda da shi ba. Ya tara almajirai, aka kai ƙararsa, aka nemi ya janye ya ƙi, aka tsire shi a kasuwa. Almajiransa suka watsu zuwa kan iyakokin Kano da Zazzau da Bauci, har wajen duwatsun Ningi. Su ne aka riƙa kira Isawa.

Wajibi ne mu yi adalci a nan. Isawan farko ba Kirista ba ne. Ba su da Linjila, ba su san baftisma ba, kuma littafin da ke hannunsu Alƙur'ani ne. Masana tarihi suna kallonsu a matsayin wani reshe da ya tsiro daga cikin Musuluncin ƙasar Hausa na ƙarni na 19, lokacin da zancen ƙarshen zamani da dawowar Annabi Isa ya cika bakin malamai. Abin da ya shafi maƙalarmu shi ne riwayar da su kansu suka riƙe, cewa malaminsu ya bar musu wasiyya su jira, akwai ƙarin haske game da Isa da zai zo musu daga baya. Da wannan wasiyya suka zauna shekaru da dama, suna noma, suna karantar da 'ya'yansu, 'ya'yan kuma suka gaji jiran.

A shekarar 1913 wasu daga cikinsu suka zo Zariya wajen Miller, suka ji abin da yake karantawa, suka koma suka shaida wa danginsu. A lura da wannan da kyau: ba ɗan mishan ne ya gano su ba, su ne suka tako da ƙafarsu, kuma su ne suka kai labari gida. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Ba dukan Isawa ne suka karɓi sabuwar koyarwar ba, da yawa sun tsaya a kan abin da suka gada. Waɗanda suka karɓa kuwa suka nemi wuri guda da za su zauna tare, aka ba su fili a Gimi.

5.0 Gimi: Addu'a a Cikin Annoba

Mutanen da suka taru a Gimi sun haura ɗari. Wanda ya zauna tare da su yana koyar da su shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan. Suka sare daji, suka gina ɗakuna da majami'a da makaranta. A karo na farko aka ga ƙauye sukutum na Hausawa masu bin Almasihu, suna sujada da harshensu, suna addu'ar safe da ta yamma bisa tsarin cocin Angilika.

Ba a daɗe ba ciwon barci ya shigo. Wannan cuta ƙudan tsando ke yaɗa ta, shi kuwa yana zama ne a kurmin bakin rafi, inda dole mutane su je ɗiban ruwa da wanki. Tana farawa da zazzaɓi da kumburin wuya, daga nan ta taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana, ya rame, har rai ya yi halinsa. A wancan lokaci babu wani magani mai inganci da ya iso ƙauyuka. Girman wannan annoba a arewacin Zazzau shi ya sa daga baya, a ƙarshen shekarun 1930, gwamnati ta ɗauki aikin sare kurmi da sake tsugunar da jama'a a yankin Ancau, har aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Amma mutanen Gimi ba su kai ga wannan taimako ba. Cikin 'yan shekaru cutar ta cinye yawancinsu, ƙauyen ya tashi, aka kwashe marayu zuwa Zariya.

A nan ne tambayar da ke zuciyar wannan maƙala take. Mutanen da iyayensu suka yi jira shekara da shekaru, suka ga kamar jiran ya ƙare, sai ga mutuwa ta bi su gida gida. Babu shakka sun roƙi sauƙi, sauƙin kuwa bai zo ba. Maƙwabta na da hujjar cewa alhaki ne ya kama su don sun bar hanyar iyaye. Duk da haka, cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda suka ci gaba da bi, suka kuma yi renon 'ya'yansu a kan haka. Me ya riƙe su?

Amsar da koyarwar Kirista ke bayarwa tana cikin yadda ta fahimci addu'a. Misalin da ta fi ɗaukaka shi ne addu'ar Yesu a lambun Gatsemani, inda ya roƙi a ɗauke masa wahalar da ke gabansa, sa'an nan ya sallama wa nufin Uba, wahalar kuma ba a ɗauke ta ba. Manzo Bulus ma ya ba da labarin wata ƙaya a jikinsa da ya roƙi a cire har sau uku, aka bar shi da ita. Ke nan a wannan koyarwa addu'a ba ciniki ba ce da za a ce an biya kuɗi ba a ba da kaya ba. Mai roƙo yana faɗin bukatarsa a fili, ba ya ɓoye kukansa, amma abin da ya miƙa tun farko shi ne amincewarsa, kamar yadda kalmar bangaskiya ta nuna. Wanda ya fahimci addu'a haka, rashin samun abin da ya roƙa yana yi masa ciwo, amma ba ya rushe masa gini. Mu a ganinmu Isawa sun shigo da rabin wannan darasi tun daga gida, gama wanda ya gaji jira daga mahaifinsa ya riga ya san cewa alkawari na iya wuce tsawon ran mutum guda.

6.0 Wusasa da Abin da ya Biyo Baya

A shekarar 1929 aka fitar da mishan daga cikin birnin Zariya zuwa Wusasa, bayan ganuwa. A can aka gina majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da tubalin ƙasa bisa fasalin ginin Hausa, aka kafa makaranta da asibiti. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ba shekaru masu yawa tare da taimakon malamai Hausawa da 'yan wasu ƙungiyoyin mishan. Wannan fassara ta yi amfani har a wuraren da Hausa ba harshen uwa ba ce, kamar ƙasar Filato da kudancin Zazzau da Adamawa, inda ta zama harshen sujada.

Daga wannan 'yar ƙaramar jama'a mutane sanannu suka fito. Akwai Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Akwai John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Akwai Farfesa Ishaya Audu, wanda zuriyarsa ta fito daga Isawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa ke aikin bishara.

Sai dai muna gargaɗi kada a ɗauki waɗannan sunaye a matsayin ladan da ya biya mutuwar Gimi. Waɗanda aka binne a can ba su ga asibiti ba, ba su ga jami'a ba, ba su riƙe Littafin 1932 a hannunsu ba. Sura ta 11 ta Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta lissafa irin waɗannan mutane, ta yabe su a kan cewa sun mutu suna bangaskiya tun ba su karɓi abin da aka alkawarta musu ba. Darajar jimirinsu tana nan ko da ba wanda ya yi suna a cikin jikokinsu.

7.0 Kammalawa

Abubuwa uku muka tsinta daga wannan tarihi. Na farko, aike ba ya tafiya ta hanya ɗaya tak. Baƙi sun kawo littafi, amma 'yan ƙasa ne suka neme shi, suka kai shi gida, suka kuma biya mafi tsadar farashi. Saboda haka mai cewa Bahaushe Kirista baƙo ne a ƙasarsa, ya kamata ya sake duba tarihi. Na biyu, addu'ar da ta dogara ga samun biyan bukata kaɗai ba ta iya tsallake annoba irin ta Gimi, kuma wannan abin tunani ne ga masu wa'azin da ke auna bangaskiyar mutum da lafiyarsa ko dukiyarsa. Na uku, jimiri shi ne wurin da aike da addu'a suke haɗuwa, gama mai bi yana ci gaba da aikin da aka aike shi domin yana addu'a, yana kuma ci gaba da addu'a domin aikin ya fi ƙarfinsa.

Muna fata masu nazari, Musulmi da Kirista, za su ƙara mai da hankali ga tattara riwayoyin baka na zuriyar Isawa tun masu riƙe da su suna raye, domin tarihi ne na ƙasar Hausa baki ɗaya.