Yayyafi: Asalin Kalma da Nauyinta a Yammacin Zamfara

Kalmar Ingilishi ta "sprinkle", wadda ke nufin watsa ruwa ɗigo-ɗigo ko zuba gari sama-sama a kan wani abu, ta bayyana a rubuce tun ƙarshen ƙarni na 14, kuma masana asalin kalmomi suna danganta ta da "sprenkelen" ta harshen mutanen Holan. Ɗafin "-le" da ke ƙarshenta yana nuna aikin da ake maimaitawa kaɗan-kaɗan, ma'anar da Hausa ke isarwa ta ninka gaɓar farko, kamar yadda "yafa", wato watsa abu da hannu, ta haifi "yayyafa", daga nan kuma aka sami "yayyafi", ruwan sama marar ƙarfi.

Sai dai Hausa ta fi tsefe ma'anar, domin ruwa ake yayyafawa, gishiri ko yaji kuwa barbaɗa su ake yi, feshi shi ne tura ruwa da ƙarfi ta baki ko ta famfo, yafi kuma shi ne watsa iri, yadda manoman shinkafa ke yi a fadamun Gummi. Malaman fiƙihun Malikiyya ma sun ba aikin yayyafawa matsayi, tunda littafin Ahalari ya koyar da cewa wanda ya yi shakkar ko najasa ta taɓa tufafinsa yayyafa musu ruwa zai yi.

A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ne darajar wannan ɗan aiki ta fito fili, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma, annobar da aka gano a shekarar 2010. Dalilin shi ne ana daka dutsen zinariya ana niƙa shi a bushe a cikin gidaje, ƙurar mai ɗauke da dalma tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Cikin matakan da masana lafiya suka ba da shawara, bayan kwashe gurɓatacciyar ƙasa da fitar da injinan niƙa bayan gari, akwai jiƙa dutsen kafin niƙa, saboda ɗigon ruwa yana kama ƙura ya kwantar da ita.

Don haka ya wajaba iyaye da masu haƙar ma'adinai su riƙe yayyafa ruwa kafin shara da jiƙa dutse kafin niƙa, domin kare lafiyar yaransu.