Special Olympics

Special Olympics ƙungiyar agaji ce ta ƙasa da ƙasa da ke shirya horo da gasannin wasanni ga yara da manya masu naƙasar ƙwaƙwalwa, wato waɗanda ke da jinkirin fahimta da koyo. An kafa ta a Amurka a shekarar 1968, hedkwatarta kuma tana birnin Washington. Tana aiki a ƙasashe sama da 170, har da Najeriya, kuma ba ta karɓar kuɗi daga 'yan wasanta. Ana yawan rikita ta da Paralympics, alhali ƙungiyoyi ne daban: Paralympics ta ƙwararru ce da suka kai wani matakin cancanta, Special Olympics kuwa ba ta korar kowa saboda rashin iyawa.

Tarihi

Eunice Kennedy Shriver (1921–2009), ƙanwar shugaban Amurka John F. Kennedy, ita ce ta kafa ƙungiyar. Yayarta Rosemary tana da jinkirin fahimta, kuma tiyatar ƙwaƙwalwa da aka yi mata a 1941 ta ƙara tsananta halin da take ciki. A wancan zamanin iyalai da dama kan ɓoye irin waɗannan yara ko su kai su gidajen kulawa. A watan Yunin 1962 Eunice ta buɗe sansanin wasanni a harabar gidanta da ke jihar Maryland, wanda aka sani da Camp Shriver.

An yi gasar farko ranar 20 ga Yuli, 1968, a filin Soldier Field na birnin Chicago, da 'yan wasa kimanin 1,000 daga Amurka da Kanada. Wata malamar motsa jiki mai suna Anne McGlone Burke na cikin waɗanda suka kawo shawarar shirya ta. An fara gasar hunturu a 1977 a jihar Colorado, sannan Kwamitin Olympics na Duniya ya amince da ƙungiyar a hukumance a 1988. Gasar bazara ba ta fita daga Amurka ba sai a 2003, da aka yi ta a Dublin. Daga baya an yi ta a Shanghai, Athens, Los Angeles, Abu Dhabi da Berlin.

Tsarin gasa

Ana fara shiga gasa daga shekara 8, yara 'yan shekara 2 zuwa 7 kuma suna da nasu shirin na koyon gudu, tsalle da jifa.

Abin da ya fi bambanta ƙungiyar shi ne yadda take raba 'yan wasa. Kafin gasa ana auna ƙoƙarin kowa, sai a haɗa shi da waɗanda suka yi kusa da shi a shekaru, jinsi da iyawa, a rukunin da bai gaza mutum uku ba, bai kuma wuce takwas ba. Na ɗaya zuwa na uku suna samun lambobin zinariya, azurfa da tagulla, sauran kuma a ba su ribon mai nuna matsayinsu. Hikimar ita ce, yaron da kullum yake zuwa na ƙarshe yakan daina gwadawa, wanda aka ba kyauta ba tare da ya yi gumi ba kuma yakan gane lallashi ne. Idan ya kara da tsaransa, zai iya ci, zai iya faɗuwa, kuma a nan ne yarda da kai ke ginuwa. Akwai ma ƙa'idar da ke ba da damar soke sakamakon wanda ya ɓoye ƙarfinsa a gwajin farko don ya faɗa rukuni mai sauƙi.

Tun daga 1997 ƙungiyar tana duba lafiyar 'yan wasa kyauta a wuraren gasa, kamar ido, kunne da haƙori.

Suka

Wasu masana da masu fafutukar haƙƙin naƙasassu na ganin cewa gasar da aka ware wa rukuni ɗaya tana ƙara nesanta su da sauran jama'a. Wasu ma kalmar "special" da ke cikin sunan suke ƙorafi a kai, domin a Turanci takan ɗauki ma'anar tausayi ko raini, kamar yadda ake muhawara a Hausa kan "naƙasassu" da "masu buƙata ta musamman". Sukar tana da tushe. Amsar ƙungiyar ita ce shirin Unified Sports, inda masu naƙasa da marasa ita ke buga wasa a ƙungiya ɗaya, musamman a makarantu.

Za a yi gasar bazara ta 2027 a Santiago, babban birnin ƙasar Chile.