Su wa suka fara zama a Mossel Bay?

Mossel Bay gari ne na shaƙatawa a gaɓar teku a Afirka ta Kudu, inda baƙi ke tururuwa lokacin hutun Disamba. Amma tarihin wurin ya girmi garin nesa ba kusa ba.

A wani kogon dutse da ke Pinnacle Point kusa da garin, Farfesa Curtis Marean da abokan aikinsa sun tono ɓawon halittun teku da mutane suka ci kimanin shekara 164,000 da suka wuce. Sun kuma samu guntayen jan dutse da sawun kankara a jikinsu, alamar ana fitar da launi daga gare su. Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar mutanen wancan zamani ta gasa dutse da wuta kafin su sassaƙa shi, don ya fashe da kaifi. Wannan aikin masu lura ne da haƙuri. A 2024 UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya.

Can daga baya makiyayan Khoekhoe suka zo da tumaki da shanu. Su ne Bartolomeu Dias na Fotugal ya tarar a 1488. Rikici ya tashi a bakin ruwan sha, Dias ya harbe mutum ɗaya da kibiya.