TSABTAR MOTAR ƊAUKAR BISASHE: GARGAƊI GA MAKIYAYAN AREWA



A zamanin iyayenmu, wanda za shi kasuwa da bisa, da ƙafa yake kora ta. Idan akwai maras lafiya cikin garke, tun bisa hanya ake gane ta. Yau kuwa mota ce ke wannan aiki. Motar da ta sauke tumaki a Kore Mai Ruwa da safe, ita ce za ta ɗauki awaki a Matankari da marece, gobe kuma ta kama babbar hanya zuwa Doso da Yamai, ko ta nufi Ƙonni. Tafiyar da bisa ke yi cikin kwana goma, mota na yin ta cikin wuni guda. To ku sani, cuta ma haka take samun wannan sauri, don ba ta biyan kuɗin mota amma da ita ake tafiya.

INA CUTA KE ƁUYA CIKIN MOTA?

Bisa maras lafiya tana barin ƙwayoyin cuta cikin kashi, da fitsari, da miyau, da majina, da jini. Duk waɗannan suna zuba bisa daɓen mota, su shige tsakanin katakai, su manne ga ƙarfe da igiyoyi. Ido ba ya ganin su. Bisar da aka loda daga baya ta shinshina, ta lasa, ta kwanta a kai, shi ke nan ta ɗauka.

Amma cututtuka ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ya kamata ka san bambancinsu:

Ciwon baki da ƙafa, mai sa shanu dalalar miyau da ɗingishi. Ƙwayarsa na da naci. Cikin busasshen kashi tana iya kai sati biyu da rai, cikin danshi kuma ta fi haka daɗewa. Bisar da ta ɗauka sai ta yi kwana 2 zuwa 14 kafin alama ta fito.

Annobar awaki da tumaki, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, mai kawo majina, gyambon baki da zawo. Ƙwayarta ba ta jure rana, tana mutuwa da wuri. Sai dai motar da aka sauke aka kuma sake lodawa nan take ba ta ba rana lokacin yin aikinta ba.

Ciwon saifa, mai kashe bisa farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci da dubura. Ƙwayarsa na iya shekaru da dama cikin ƙasa. Motar da bisa ta mutu cikinta haka, kada kowa shi fede mushen, kada a wanke motar da ka. A kira ma'aikacin kiwo, don wannan ciwo yana kama mutum.

Kaska da ƙazwa. Kaskar da ta ƙoshi da jini takan faɗo ta shige tsagar katako, ta zuba ƙwai dubbai.

Ciwon huhu na shanu shi dabam yake. Ta numfashi yake bi, daga saniya zuwa saniya. Wankin mota ba ya tare shi. Abin da ke tare shi allurar rigakafi, da kuma ƙin cakuɗa shanunka da waɗanda ba ka san asalinsu ba.

Masu kaji da zabi ma abin ya shafe su. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya cikin shekarar 2006 ta nuna mana haɗarin kejin kaji da ke yawo kasuwa-kasuwa ba wanki.

BA CUTA KAƊAI BA

Motocinmu ba bisashe kawai suke ɗauka ba. Yau takin zamani, gobe siminti, jibi raguna. Don haka kafin ka loda, hau da kanka ka duba waɗannan:

1. Ragowar takin zamani, musamman farin nan ure. Bisa tana lasar shi kamar gishiri. Kaɗan ya isa ya kumbura ta, ta kama makyarkyata, ta mutu kafin awa guda.
2. Galan ko buhun maganin ƙwari na wake da na lambu. Ko wanda ya ƙare ne, guba ce.
3. Tsohon batir, baƙin mai da gazuwal. Maruƙa na son lasar batir, dalmar da ke ciki kuwa tana makantar da su, ta kashe.
4. Ƙusa da guntun waya. Saniya ba ta zaɓen abin da take haɗiya. Ƙusa na iya huda tumbi ta kai ga zuciya.
5. Leda. Kowa ya ga abin da mahauta ke fiddawa daga cikin tumbin awaki.
6. Ƙarfe mai tsini da katakon da ya karye. Su ne ke yage fata, su karya ƙafa. Ragon da ka yi wata shida kana turke, rauni guda ya isa ya karya mashi daraja gaban dillali.

Tayar safiya, jak, da kayan aikin direba, a ɗaure su waje guda, nesa da bisashe.

YADDA AKE WANKE MOTA

Aikin hawa biyar ne, kuma bin su daki-daki shi ne sirrin. Wanda ya watsa magani bisa kashi ya zubar da kuɗinsa, don ƙazanta na cinye ƙarfin magani.

Na farko, shara a bushe. A kwashe kashi, rairayi da ragowar haki da shebur, a kankare lunguna, a share ƙwal.

Na biyu, wanki da ruwa da omo, a goge da buroshi mai ƙarfi. A fara daga sama a gangaro ƙasa, daga gaba a yo baya. Kada a manta ƙofar baya, katakon hawa, tayoyi da ƙarƙashin mota.

Na uku, ɗauraya da ruwa mai tsabta, a bari ruwan ya tsane.

Na huɗu, magani. Ruwan Javel shi ya fi sauƙin samu. Duba kwalbar: mai digiri 8, awo ɗaya nasa a zuba awo huɗu na ruwa, mai digiri 12, awo ɗaya a zuba shida. A jiƙe ko'ina, a bari kamar rabin awa, sannan a ɗauraye don yana cin ƙarfe. Haɗin yau na yau ne, ba a ajiye shi sai gobe. Kada a gauraya shi da wani magani, hayaƙin da ke tashi na ƙona huhu.

Game da kirezil, wanda da yawanmu suka saba da shi: yana kashe ƙwayoyi da dama, yana korar ƙuda, amma ba ya da ƙarfi bisa ciwon baki da ƙafa. Idan wannan ciwo ne ke gari, abin da ya dace shi ne garin soda na wanki, wanda ake kira karbonat: kilo 1 cikin bido mai lita 25. Kanwa danginsa ce, amma ƙarfinta ba daidai yake ba daga wannan zuwa waccan, don haka kada a dogara da ita.

Na biyar, shanya. A buɗe motar ga rana har ta bushe ƙayau. Rana magani ce da ba a saye. Bayan nan a shimfiɗa sabon rairayi mai kauri don kada bisashe su zame.

Mai wanki shi sa takalmin roba da safar hannu, shi wanke hannu da sabulu in ya gama.

INA ZA A YI WANKIN?

Ba bakin tabki ba, ba bakin rijiya ba, ba bisa burtali ba. Ku da ke cikin Dallol Mawri, wajen Tibiri, Dumega da Gesheme, kun san ruwa kusa yake, ƙazantar da aka zubar ba ta da nisa da abin shanku. A zaɓi wuri can gefe, a gina rami don ruwan wanki. Kashin da aka kwashe a tara shi waje guda, a rufe da ƙasa, ya yi wata biyu ko uku ya ruɓe kafin a kai gona. Haka ya zama taki, bai zama annoba ba.

AMALANKE DA BABUR

Wannan magana ta haɗa da amalanken shanu da na jaki, da baburan da ake ɗaura awaki a kai ranar kasuwa. Amalanken da ya kai taki gona ko ya ɗauko bisa maras lafiya, a wanke shi kafin a ɗora harawa, dusa ko bidon ruwan sha. Takalminka ma, in ka dawo daga kasuwar bisashe, kankare shi ka wanke kafin ka shiga garke.

WA KE DA ALHAKI?

Direba zai ce sauri yake, yaran mota su ce ba ruwa. Amma kai ke da dukiya, kai ke biyan kuɗin mota, kana da bakin magana. Idan ku biyar ko goma kuka haɗa kai kuka ce ba ku loda wa sai an share an wanke, za a wanke. Ƙungiyoyin makiyaya da masu kula da kasuwanni su sa wannan cikin shawararsu. Kwalbar Javel da ƙullin omo ba su kai kuɗin ɗan akuya ba.

Bisar da ka sawo kuma, ko wadda ta je kasuwa ba a saya ba ta dawo, ware ta sati uku, da wurin cinta da na shanta dabam. In ka ga majina, zawo, dalala ko ɗingishi, sanar da ma'aikatar kiwo mafi kusa tun da wuri.

Tsabta ba ta maye gurbin allura. Ciwon bushiya da ya ƙarar da shanun kakanninmu, da allura da haɗin kai aka kai ga shelar ƙarewarsa a duniya cikin 2011. A taron Abijan na 2015 an ɗauki niyyar gamawa da PPR nan da 2030. Ku fito da bisashenku duka lokacin rigakafin shekara, kada a ɓoye ko ɗaya.

Allah shi ba mu lafiya da albarkar kiwo, amin.