Mata Masu Dubara: asusun da ke tallafar ƙananan iyaye mata

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya ya san su. Yarinya ce da ba ta cika shekara 18 ba, da goyo a baya da tiren awara ko ƙuli-ƙuli a ka, tana bin motoci a tasha. Wata mijinta ya tafi ci-rani babu aike, wata an sako ta, wata kuma miji ya rasu ya bar ta da maraya. Mu ma a gidan rediyo kusan kowane mako sai mun ji kukan irinsu.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, kashi 28 kuma kafin 15. Idan irin wannan aure ya mutu, yarinya kan koma gidansu da ɗa, ba karatu, ba sana'a, ba jari. Rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun ƙara dagula lamarin, domin ciniki ya tsaya a gidaje da dama. Ba mu kuma manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, akasari mata da yara, da yawansu daga Kance, a kan hanyar Aljeriya.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da mata suka samo ita ce ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, kuma daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Mata kamar 25 ko 30 kan haɗu sau ɗaya a mako, kowace ta zuba abin da aka amince. Kuɗin na shiga akwati, galibi mai kwaɗo uku, makullan kuma a hannun mata uku daban, don haka ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai bukata ta ranta, ta sayi gyaɗa ko wake, ta juya, ta mayar da ɗan ƙari. Ƙarshen zango a raba uwa da riba. Akwai kuma ɗan asusun taimako na daban domin haihuwa, rashin lafiya ko rasuwa.

Ga ƙaramar uwa, amfanin zaman ya wuce kuɗi. A nan take jin cewa a 2006 gwamnati ta ayyana awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. A nan manya ke nuna mata alamun tamowa da yadda ake haɗa kunun yaro da gero da gyaɗa. A nan kuma take samun wadda za ta riƙe mata goyo ranar kasuwa, ko ta raka ta likita cikin dare.

Sai dai da sauran gyara. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya: wadda ba ta da ko dala ashirin ta zubi ba ta shiga, alhali ita ce ta fi bukata. Wasu mazan ba sa barin amare su fita taro, wasu kuma da zarar an raba kuɗi sai su karɓe. Wadda ta haihu ba aure kuwa, kunya da gori kan hana ta zuwa, ga ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba.

A nan ne ƴan kasuwa ke da abin yi. Alhaji mai shago na iya biya wa yarinya ɗaya zubin wata uku, ko ya ba ƙungiya kaya bashi a kan farashin sari, tun da matan kan tsaya wa juna. Mai tafiya fatauci kuma ya bar matarsa ta shiga tun kafin ya kama hanya. Idan iyaka ta sake rufewa, wannan akwati ne zai riƙe gida kafin ya dawo.