Ƙauyukan Japan da Suka Koma Hannun Tsofaffi

A shekarar 2012 aka rufe makarantar firamare ta ƙauyen Nagoro, a kwarin Iya da ke tsibirin Shikoku na ƙasar Japan, bayan ɗalibai biyu na ƙarshe sun gama karatu. Wanda ya leƙa ajin a yau zai tarar da kujeru cike, sai dai waɗanda ke zaune mutum-mutumi ne da aka cusa wa tsofaffin jaridu aka sa musu tufafi. Haka ake ganinsu a wurin jiran mota da bakin gonaki. Wata mata 'yar garin, Ayano Tsukimi, ita ke ɗinka su. Ta baro Osaka ta dawo gida domin kula da mahaifinta, ta yi na farko da kamanninsa don korar tsuntsaye daga shukarta, daga nan ta shiga yin na maƙwabtan da suka rasu ko suka ƙaura. Yanzu mutum-mutumin sun kai ɗaruruwa, masu rai kuwa ba su kai 30 ba.

'Yan jarida na son wannan labari, don yana da kyan hoto. Amma abin da ke bayansa ya fi ƙarfin ƙauye ɗaya. Kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanen Japan sun kai shekara 65 ko sun wuce. Yawan jama'ar ƙasar ya tsaya a wajen miliyan 128 a 2008, tun daga nan yake raguwa, kuma jariran 'yan ƙasa da aka haifa a 2024 ba su kai 700,000 ba. Ƙidayar gidaje ta 2023 ta nuna akwai gidaje kimanin miliyan 9 da babu kowa a ciki. Karkara ce ta fara ɗanɗana wannan, domin tun shekarun 1960 masana'antun Tokiyo da Osaka da Nagoya suke kwashe mata samari.

A 1991 wani masanin zamantakewa, Akira Ono, ya ja layi: duk ƙauyen da fiye da rabin mutanensa suka haura shekara 65, ya kai gaɓar da ba zai iya riƙe kansa ba. Ba yunwa yake nufi ba, tsofaffin nan suna da fansho. Abin da ke fara mutuwa shi ne aikin gayya. Magudanar da ke kai ruwa gonar shinkafa sai an taru an yashe ta kowace shekara. Hanyar kan dutse sai an sare mata ciyawa, bikin shekara yana son majiya ƙarfi, jana'iza ma tana son masu ɗauka. Bahaushen da ya taɓa ganin garinsu bayan samari sun tafi cin rani ya san yadda aiki ke tsayawa, sai dai namu damina na dawo da su, na Japan kuwa sun tafi ke nan.

Sauran wahalhalun a hankali suke shigowa. Mai kanti ya tsufa ya rufe, babu magaji. Motar haya ta rage zuwa saboda babu fasinja, dattijon da idonsa ya yi rauni kuma ya ajiye tuƙi, sai zuwa asibiti ya zama tafiyar yini guda. Gonar da aka bari ta koma daji, birai da barewa da aladun daji su matso har bayan gida suna cinye ɗan abin da aka shuka. A yankunan da dusar ƙanƙara ke sauka da yawa, kowace shekara sai an samu tsofaffin da suka faɗo daga rufin ɗaki wajen kwashe ta.

Duk da haka da yawansu ba su yarda su bi 'ya'yansu birni ba. Kaburburan iyaye suna nan, gona tana nan, maƙwabcin shekara 60 yana nan, kuma shi zai fara lura idan gari ya waye ba a buɗe taga ba. Irin wannan sa ido ba ya samuwa a hawa na goma na wani bene a Osaka.

A lardin Tokushima, inda Nagoro yake, akwai wani gari da ya fi cancantar a ba da labarinsa, wato Kamikatsu. A 1981 wani mugun sanyi ya kashe itatuwan lemun da garin ya dogara da su. Wani ma'aikacin ƙungiyar manoma, Tomoji Yokoishi, ya lura a wani gidan abinci na Osaka cewa ana ƙawata faranti da ganyen itace, har masu cin abinci suna sha'awar ganyen. Ya koma ya ce a sayar da ganye. Aka yi masa dariya, don a ganin mutane tsintar abin da ya zuba a daji aikin matsiyata ne. A 1986 ya fara da gidaje huɗu kacal.

Dabarar ta dace da tsufa. Ganye ba shi da nauyi, abin da yake so shi ne ido da haƙuri da sanin itace, kuma waɗannan tsofaffin mata sun fi kowa su. Yau za ka ga tsohuwa mai shekara 80 da kwamfutar hannu tana duba odar da ta shigo da safe, tana rige-rigen karɓa kafin maƙwabciyarta. Ta tsinko, ta ware masu girma ɗaya, ta jera su a ƙaramin mazubi ba tabo ko ɗaya, kafin azahar sun kama hanyar kasuwa. Ana sayar da ganye da furanni iri sama da 300, cinikin shekara ya taɓa haura yen miliyan 200, kuma yawancin masu aikin mata ne da shekarunsu ke wajen 70.

A lardin Tokushima ne kuma aka fara Tokushimaru a 2012, wato ƙananan motocin kanti masu ɗauke da kifi da kayan miya da sabulu har ƙofar gida. Direban ya san abin da kowace tsohuwa ke saye, in bai ga ta fito ba sai ya ƙwanƙwasa. Gwamnati ma tun 2009 take biyan matasan birni su zauna a karkara na shekara ɗaya zuwa uku, wasunsu kuma sukan zarce.

Ganye ya ba tsofaffin Kamikatsu kuɗi da dalilin tashi da asuba, amma bai cika garin da yara ba. A tsakiyar shekarun 1950 mutanensa sun haura 6,000, yau ba su kai 1,500 ba, kuma fiye da rabinsu sun wuce shekara 65.