Ƙarar Kunne: Me Ya Sa Take Addabar Wani, Ta Ƙyale Wani?

Shirin na yau ya duƙufa ne a kan ƙarar kunne, wadda likitoci ke kira tinitus, wato jin sauti mai kama da fito ko kukan gyare a cikin kunne ko a ka, alhali babu wani abu a waje da ke fitar da shi. Wani nazari da mujallar JAMA Neurology ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 14 cikin 100 na manya a duniya suna jin ta, mutum sama da miliyan 740 ke nan, amma waɗanda ta tsananta wa kashi 2 ne da 'yar ɗoriya.

Mafarinta galibi lalacewar ƙananan ƙwayoyin ji ne da ke can cikin kunne, ko saboda tsufa, ko saboda daɗewa a cikin hayaniya irin ta injin niƙa da janareta, ko kuma ta dalilin magunguna kamar kwinin da asfirin idan an sha da yawa. Sai dai abin da ya haifar da ƙarar daban, abin da ke sa ta zama azaba daban, domin masu gwajin ji sun daɗe da lura cewa ƙarfin sautin da suke aunawa ba ya nuna yawan wahalar mai shi, har ma akan sami mutum biyu masu ƙara iri ɗaya, ɗaya yana harkokinsa, ɗayan kuwa ta hana shi sakat.

A 1990 masanin ƙwaƙwalwa Pawel Jastreboff ya ba da bayanin da har yau ake dogara da shi, cewa damuwar tana tasowa ne idan sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro suka ɗauki ƙarar a matsayin haɗari. Wanda ya ƙudurta a ransa cewa kurumta ce ke tafe, ko taɓin hankali, ko sammu, hankalinsa ba zai bar kan sautin ba, kuma gwargwadon yadda yake kasa kunne gare shi, gwargwadon yadda yake ƙara fitowa fili. Wanda bai tsorata ba kuwa, ƙwaƙwalwarsa kan saba da ita sannu a hankali, kamar yadda maƙwabcin titin jirgin ƙasa ke daina jin wucewarsa. Shi ya sa fargaba da ciwon damuwa suke kan gaba cikin abubuwan da ke tsananta ta, sai rashin barci, wanda shi ma yake cin rai matuƙa, tunda shirun dare yana fito da ƙarar, ƙarar ta hana barci, gajiyar washegari kuma ta rage juriya. Raunin ji da rashin jure sautuka na yau da kullum su ma suna ƙara nauyin, haka nan furucin ma'aikacin lafiya da zai ce wa majinyaci babu abin da za a iya yi, wanda kuskure ne babba.

Babu ƙwayar maganin da aka tabbatar tana kawar da ƙarar, amma jinya ta hanyar tattaunawa, wadda ke gyara tunanin mutum game da ita, ta fi kowace hanya hujjar rage damuwa, na'urar ƙara ji kuma tana taimakon masu raunin ji. Duk mai sauraron da ƙararsa take a kunne ɗaya, ko take tafiya da bugun zuciya, ko ta zo da ɗaukewar ji farat ɗaya, ya gaggauta ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kada ya tsaya ɗiga mai ko magani a kunne.